Na Taɓa Kwamfutar Matata Don Kada Alwyn Ya Riga Ni

Malama Thea,

Don Allah ki agaza mini, kuma ki hanzarta, domin in abin da na karanta gaskiya ne, kwana huɗu kacal suka rage mini. Ban taɓa rubuta wa jarida ba tun da nake. Amma na daɗe ina karanta filinki, na ga kina amsa maganar firinta da maganar aure ba tare da kin raina ɗaya ba, to tawa matsalar ta haɗa biyun.

Shekaruna sittin da takwas, ina noman tuffa a kudancin Tasmaniya. Gonar ta mahaifin matata ce. Ya ɗauke ni aikin tsinka ina ɗan shekara ashirin da biyu, a nan na fara ganin Noelene. A lokacin an yi mata baiko da wani Alwyn, ɗan mai kantin magani. Alwyn ya tafi Melbourne karatun injiniya, ya aiko da wasiƙa cewa ya fasa, bayan shekara biyu ni na aure ta. Yau shekara arba'in da uku ke nan, kuma sunansa bai taɓa fitowa a gidanmu ba, sai bara da matarsa ta rasu ya tattaro ya dawo gari.

Da ya dawo ya zauna a gidansa, da ba ki ji ni ba. Sai ya buɗe ajin kwamfuta na kyauta a laburare, duk Laraba da safe, wai don tsofaffi. Noelene ta shiga saboda littafinta. Mahaifinta ya bar mana irin tuffa sittin da ɗaya da ya yi wa aure da hannunsa, wasu ba a samunsu ko'ina yanzu, ya kuma bar littattafan rubutu da hotuna cikin akwati. Shekara uku tana ɗaukar su shafi-shafi da sikana, tana rubuta labarin kowace bishiya. Mai ɗab'i a Hobart yana jiran aikin ƙarshen watan nan. Yayarta Merle kuma ba ta da lafiya, likitoci ba su yi mana alkawarin komai ba, kuma ta ce burinta ta riƙe littafin a hannunta.

Ni na sayi kwamfutar shekara goma sha ɗaya da suka wuce. A gidan nan duk abin da ya lalace ni ne mai gyara shi, daga tarakta har famfon ban ruwa. Ba mu taɓa kiran mai gyara ba. Amma tun da aka fara ajin nan, ba a shan shayi a gidana sai an ce Alwyn ya ce. Alwyn ya ce a riƙa sa wa hotuna suna. Alwyn ya ce kalmar sirrina ta yi gajarta. Har kek ɗin tuffa mai kirfa, wanda a sanina ranar haihuwata kaɗai ake yi, na shigo na tarar yana hucewa a kan tebur, na miƙa hannu ta ce na 'yan aji ne. Ta ce su tara ne a ajin. Ni dai mutum ɗaya na sani a cikinsu.

Ba zan ɓoye miki ba, akwai Larabar da na bi ta gaban laburaren da mota sau biyu. Ta taga na hango shi ya sunkuya yana nuna mata wani abu, ita kuma ta ɗora tabarau a ka tana dariya. Mutumin gashin kansa duk yana nan, ni kuwa ko na nunawa babu. In mun haɗu a kanti sai ya gaishe ni da ladabi, ya tambaye ni ko sanyin bana ya taɓa bishiyoyi, ni kuma in ji kamar in tura masa keken sayayya a ƙafa. Ba wai ina zargin Noelene da wani abu ba, Allah ya kiyaye. Dariyar ce ta tsaya mini a rai. Na manta rabon da in sa ta yin irinta.

Makon jiya tana juya miya ta ce Alwyn ya ce babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutarmu an daina aiko mata da gyaran tsaro, kuma ya yi tayin zai zo ya duba ko injin zai iya ɗaukar sabuwar. Wato zai shigo gidana, ya zauna a kujerar da na ƙera. Ranar Alhamis ta tafi Launceston wurin Merle na kwana biyu, motar bas na tashi na dawo na zauna gaban kwamfutar.

Injin bai ɓoye mini komai ba. Ya rubuto ƙarara cewa ya tsufa, ba zai ɗauki sabuwar ba. Na nemo wani bidiyo da ya nuna yadda ake tsallake wannan binciken, na bi shi tiryan-tiryan. Na tuna da maganar kwafe aikinta tukuna, amma filash ɗin da na samu a aljihun tebur ya cika, kuma zuwa gari da dawowa awa guda ne, sai na ce ai ba abin da zai faru. Kafin yamma komai ya hau. Na buɗe littafinta, yana nan lafiya. Rabon da in ji daɗi irin na ranar har na manta.

Ranar Asabar ta dawo ta ga sabon allo, ta yi mamaki, ta dafa kafaɗata. Sai ta ce, "Ka dai kwafe littafin kafin ka fara, ko?" Na ce mata eh. Ban san lokacin da ta fita daga bakina ba.

Ranar Lahadi ta buɗe hotunan mahaifinta, allo ya koma shuɗi, wasu rubuce-rubuce suka fito, injin ya mutu ya sake tashi da kansa. Tun daga nan haka yake yi. In rubutu kawai take yi yakan kai awa ɗaya ko biyu. In ta buɗe babban hoto ko ta kunna sikana, ko minti biyar ba ya yi. Rubutun yana ɓacewa kafin in karanta, na dai kama kalmar bidiyo a ciki sau biyu. Fanka kuma sai ƙara kamar za ta tashi sama. Na zare wayoyi na mayar. Na kai shi rumfa na hure masa ƙura da injin iskar taya. Na sauko da wata manhaja da aka ce tana share datti a kwamfuta, ban dai kunna ta ba tukuna. Sau uku ina ƙoƙarin kwafe littafin a ɓoye idan ta fita ba kaji abinci, sau ukun yana mutuwa a tsakiya.

Jiya ya mutu tana cikin aiki, da ya tashi babi na bakwai ya buɗe da wasu alamomi marasa ma'ana. Ko a jikinta, ta ce ba komai, sai mu ɗauko daga kwafin da na yi. Na ce na ajiye shi a rumfa, zan nemo. Malama, ni da na shekara arba'in da uku ban yi mata ƙarya ba, ga ta biyu cikin kwana huɗu.

Yau da safe ta tambaye ni ko ta kira Alwyn ya duba. Na ce ranar da ya tako gidan nan ni da tarakta za mu kwana. Ta dube ni ta ce, "Maigida, shekarunka sittin da takwas fa," ta ɗauki jakarta ta tafi aji. Da ta dawo na kasa haƙuri na tambaye ta ko ta gaya masa. Ta ce a'a, ai ni na ce zan gyara.

Akwai wani abu kuma, ban san ko ya dace in faɗa ba. Ranar Alhamis ɗin da na buɗe littafin, na ga shafin godiya. Akwai Merle, akwai mai kula da laburare, akwai Alwyn. Sunana wuri ɗaya na gan shi, ƙarƙashin wani tsohon hoto, a jerin masu tsinka. Ni da na datse rassan bishiyoyin nan duk damina da rani tun kafin a haifi 'yarmu.

Na karanta cewa ana iya komawa tsohuwar manhajar cikin kwana goma, yau na shida. Shin gaskiya ne? In na koma, aikinta zai tsira? Kuma akwai yadda zan gyara wannan ɓarna ba tare da ta sani ba, ba tare da mutumin nan ya shigo gidana ba? Daga rumfa nake rubuto miki da waya, ki yi haƙuri da kurakurai. Ki sakaya sunana.

Mai Gonar Tuffa

*

Baba Mai Gonar Tuffa,

Saboda kwanakin da ka ambata, na aika maka da wannan amsa ranar da wasiƙarka ta iso. Ina buga ta nan da izininka, bayan na canza sunaye, domin ba kai kaɗai ne ka tilasta wa tsohon inji abin da ya ce ba zai iya ba.

Tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa: babu. Ba za ka iya gyara wannan a ɓoye ba, kuma dalilin ba na tarbiyya kaɗai ba ne. Noelene tana ci gaba da aiki a kan injin da ke mutuwa ne domin ta yarda akwai kwafi. Duk mutuwar da ya yi tana cikin rubutu, wani babin na iya bin na bakwai. Ka gaya mata yau, kafin ta sake zama gabansa. Ka ce ba ka kwafe ba, ka ce injin ya ƙi kai ka tilasta masa, ka kuma faɗi abin da ya sa. Na ƙarshen ne zai fi yi maka nauyi a baki, shi ne kuma za ta fi buƙatar ji.

Sai aiki. Manhajar sharar nan kada ka kusance ta. Hanyar komawa baya ta dogara ne da wani babban kundi da injin ya ajiye tsohuwar manhajar a ciki, kuma irin waɗannan masu shara shi suke fara cinyewa. Ka shiga gari ka sayo sabon faifan ajiya na waje. Ka zare sikana da firinta da duk abin da ba dole ba. Sannan ka tayar da injin ta hanyar da masu gyara ke kira sef mod, wato ya tashi da ƙaramin kaya, ba tare da manhajojin da ke wahalar da shi ba. Na haɗa maka da bayanin maɓallan da za ka danna. A nan za ka kwafe, rubutun tukuna domin ba shi da nauyi, sannan hotuna kaɗan-kaɗan, kada ka kwaso su gaba ɗaya. In ka gama, ka buɗe su a wata kwamfutar ka gani da idonka. In ko a sef mod ya mutu, ka kashe shi ka bar shi haka. Sai a cire faifan cikinsa a karanta shi ta wani injin, kuma wannan ba aikinka ba ne.

Babi na bakwai kada a adana komai a kansa. Ku duba ko manhajar rubutu ta ajiye nata kwafin da kanta, yawancinsu suna yi. Noelene kuma ta duba saƙonnin da ta aika wa Merle ko mai ɗab'i, wataƙila ta taɓa tura shi.

Game da ciwon kansa, bayaninka ya taimaka ƙwarai. Injin da ke jure rubutu amma ya faɗi da an buɗe hoto, ga kalmar bidiyo a allo, kusan kullum matsalar direba ce. Direba ƙaramar manhaja ce da ke yi wa babbar tafinta da wani sashe na injin, kuma sashen da ke zana hoto a naka ya girmi sabuwar manhajar, babu wanda ya rubuta masa tafintan da ya dace. Sikanarku ma haka. In kana so ka tabbatar, ka ɗauki bidiyon allon da wayarka lokacin da ya yi shuɗi, sai ka tsayar ka karanta a natse. Amma ban ba ka shawarar farautar direbobi ba, ga mai ɗab'i yana jira. Abin da ka karanta game da kwana goman nan gaskiya ne. Da zarar kwafi ya tabbata, ka shiga saiti, sashen farfaɗowa, ka zaɓi komawa tsohuwar manhaja, kada kuma ka kashe wuta har ya gama. Bai kamata ya taɓa littafin ba, amma a kan "bai kamata ba" ne ka shiga wannan halin, shi ya sa na ce kwafi tukuna.

In ya koma kuma bai daina mutuwa ba, to ka tuna da injin iskar taya. Iskarsa ta fi ƙarfin cikin kwamfuta, tana iya sassauta katin ƙwaƙwalwa ko ta lalata fanka. Ka zare wuta, ka buɗe, ka danna katin ya zauna daram, ka ga ko fankar na juyawa ba tangarɗa. Faifan da ya shekara goma sha ɗaya shi ma abin a gwada lafiyarsa ne.

Ba za ka so jin wannan ba, amma Alwyn ya yi gaskiya a kan maganar tsaro. Ku gama littafin a kan tsohuwar manhajar, ku rage shiga intanet da ita, musamman banki. In littafi ya tafi ɗab'i, sai ku zauna ku biyu ku yi maganar sabon inji, wannan kuma ya zauna don sikana kawai.

Yanzu kai. Ban ga abin dariya a kishinka ba. Mutumin da a da shi ake kira in abu ya lalace, ya wayi gari ana ambaton wani a teburinsa, kuma wanin da aka taɓa yi wa alkawarin matarsa, dole ya ji zafi. Maganar shafin godiya ma ciwo ce ta gaske. Sai dai littafin ba a gama shi ba, kuma ban san abin da ke ranta ba, kai ma ba ka sani ba tunda ba ka tambaya ba. Ka ce mata ka gani, kuma ya sosa maka rai. Amma ba a zama ɗaya da neman gafarar ba, kada ya zama kamar kana kawo hujja.

Ga ɗaya ɓangaren. Alwyn, a iya abin da ka rubuto, ajin kyauta ya buɗe, ya kuma tambaye ka lafiyar bishiyoyi. Noelene kuwa ta zauna awa biyu gaban wanda zai iya warware mata matsala cikin minti goma, aikinta na shekara uku yana tangal-tangal, ta yi shiru domin mijinta ya ce zai gyara. Ka yi ta kallon taga kana neman abin da babu, wannan kuwa a gabanka aka yi shi ba ka gani ba. Kuma littafin nata ne. In ta ce Alwyn take so ya duba, hakkinta ne, kuma ka janye maganar kwana da tarakta, sanyin Yuli a Tasmaniya ba na wasa ba ne.

Kafin mu rufe shafi, amsar Mai Gonar Tuffa ta iso ranar Juma'a, gajeriya. Ya gaya mata. Ta yi fushi da shi har yamma, sannan ta jawo kujera ta riƙa karanta masa matakan yana dannawa. Kwafi ya samu, injin ya koma ya daina mutuwa, amma rabin babi na bakwai ya tafi. Za ta sake rubuta shi, shi kuma yana karanto mata daga rubutun surukinsa, domin ya fi ta iya karanta hannun tsohon. Tambayarsa ɗaya: tunda an gyara, dole ne har yanzu ya yi hulɗa da Alwyn?

Ba dole ba ne, Baba. Amma sabon inji na nan tafe, kuma kai za ka so ka zama mai kula da shi. Ajin kyauta ne, kuma na tsofaffi ne, ka cika sharaɗi. Ranar Laraba ka sa riga mai kyau, ka kai ta, ka shiga ka zauna kusa da ita, ka ɗaga hannu in ba ka gane ba.

Allah ya ba Merle sauƙi, ya sa littafin ya same ta da ƙarfin buɗe shi. Ka gaida Noelene.

Thea